Marasa Lafiyar da Ba Sa Tari

Ƙarfe ɗaya saura a Hayin Dogo,
an ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Janaretan mai aski ke ara mini haske
ta wata waya da muka ratso da ita ta taga.
Shayina ya huce har ya yi fata.
Na buɗe rumbun bayanai, ga shi fayau,
kamar ɗakin haya da aka share ana jiran baƙo.

Kafin in gwada manhajar asibiti
sai na tara mata jama'a.
Ba na taɓa mutanen gaske, amana ce,
ciwon wani ba abin wasan yatsuna ba ne.
Nawa nake ƙerawa.

Shigarsu ma da ladabi:
ɗakin jinya kafin gado,
gado kafin mai kwanciya,
uwa kafin jariri.
Ran da na yi gaggawa na tura ɗa a gaba,
rumbun ya ƙi shi ƙememe,
wai wannan yaro ɗan wa?

Ga Rabi'atu ta Tudun Jukun.
'Yar alamar da ke rataye a tsakiyar sunanta
ta taɓa kayar da manhajar warwas,
tun ranar ba na fara gwaji sai da ita.
Ga Ɗantsoho, wanda ƙugiyar harafinsa
ta koma alamar tambaya a takardar magani.
Ga Lantana, haihuwar ashirin da tara ga Fabrairu.
Ga Tanimu biyu, sunan uba ɗaya, unguwa ɗaya,
wannan ciwon suga, wancan karaya.
In manhaja za ta rikita su,
gara ta yi a nan, inda ba a zaman makoki.
Ga wata tsohuwa da ta ce shekarar fara aka haife ta,
gurbin kuwa lamba yake so.

Sai in danna, in naɗe hannu.
Kore, kore, kore,
arba'in da bakwai sun wuce sumul,
na arba'in da takwas ja wur.
Na bi sawu har na kama ɓarawon:
gwajin baya ne bai share bayansa ba,
ya bar wani kwance a gado na shida,
lissafi ya tashi da rarar mutum ɗaya.
Wanda ya ci, ai shi ke wanke kwano.

A kan mutum ɗaya na karya dokata.
Layin ƙarshe: Malam Jibo, mai gyaran rediyo, Tudun Wada.
Kaltume ta taɓa tambayata a ofis,
wannan me yake gwadawa?
Na ce bar shi, yana da aikinsa.
Ban gaya mata benci ba,
ban gaya mata yadda muka zauna tun hantsi har la'asar
akawu na tona tulin takardu yana neman katinsa,
shi kuma yana jingine da kafaɗata,
yana cewa kada in yi wa mutane faɗa.
An ga katin ran Talata.
Mun binne shi tun Lahadi.

A nan kuwa in na kira sunansa
kafin ƙiftawa ya fito,
da lambarsa, da maganinsa, da ranar dawowa.

Kore duka, sittin da uku.
Sai sharewa ta biyo baya kamar kullum:
jariri ya fita, uwa ta bi shi,
gado, ɗaki, Tanimu da Tanimu,
Baba ma.
Rumbun ya koma fayau.

Mai aski ya buga mini taga,
wai mai ya kusa ƙarewa.
Na ce saura sau ɗaya.
Na sake danna.